Kafin Ki Sauke Kaya a Garwa: Yadda Ake Zaɓar Unguwar Zama da Yara

Duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Garwa, a arewacin Kamaru, ko kasuwa ta kira shi, dillali yake fara nema. Dillali kuwa ɗaki zai nuna masa: sabon fenti, siminti a ƙasa, ƙofar ƙarfe. Sana'arsa ke nan, ban ga laifinsa ba. Sai dai yara a ƙofar gida suke wuni, da hanyar makaranta, da wajen mai tebur inda aka aike su sayen gishiri. Shi ya sa duk wadda ta kira ni daga Ngaundere ko Marwa tana neman shawara, nakan ce mata a ajiye maganar ɗaki tukuna, a fara da layin da ɗakin yake.

Ni ɗinkin mata nake yi a gida. Daga Ngaundere muka taso da maigidana da yaranmu huɗu. Mata na kawo mini ɗinki daga Hausare, da Marware, da Jambutu, da Rumde Ajiya, har daga Bokle can hayin gada, kuma wajen awon riga babu abin da ba a faɗa. Yawancin abin da zan gaya miki daga bakinsu na tara shi. In maigida ne zai riga ki zuwa, kamar yadda aka fi yi, ki karanta masa wannan kafin ya ba kowa ko dala.

In da hali, a je duba unguwa a watan Agusta. Damina a nan daga wajen Mayu take zuwa Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, kuma a farkon Satumba ake komawa makaranta. Wanda ya je a Agusta zai ga unguwar cikin halinta mafi wuya, kuma yana da sauran lokacin nema wa yara gurbi. Layin da kika gani fes a watan Janairu, yashi fari ƙal, yana iya zama hanyar ruwa da damina, irin ƙoramar da Fulani ke kira mayo, wadda ke bushewa da rani har a yi ta gini a bakinta.

Garwa a gaɓar Binuwai take. Sama da ita, kimanin kilomita 50, akwai madatsar Lagdo da aka gama a 1982. Shekarar da ruwa ya yi yawa dole a buɗe ƙofofinta, kogi ya cika ya haura gangare. Ambaliyar 2012 har yau ana zancenta, ta 2022 ma ba a manta ba. To ki riƙe waɗannan shekaru biyu a bakinki. Kada ki ce "nan ruwa yana ci?", don kowa zai ce miki Allah ya kiyaye. Ki ce wa wata tsohuwa a layin: "Inna, a 2012 ina ruwa ya tsaya?" Za ta ɗaga hannu ta nuna miki, ko gindin wata bishiya, ko ƙofar gidan wane.

In ba ki samu zuwa da damina ba, bango ba ya ɓoye labari. Ki sunkuya ki dubi gindin katangar maƙwabta, ba ta gidan da aka yi wa fenti don ke ba. Inda ruwa ya saba kwanciya za ki ga zane mai duhu a miƙe, simintin da ke ƙasansa ya yi burtsi yana zuba in kin taɓa. Ki dubi dokin ƙofa: layin da kowane gida ya ɗaga nasa da bulo biyu ko uku, sai an ɗaga ƙafa sosai kafin a shiga, mutanensa sun sha wuya ne suka yi haka. Ki dubi tsofaffin buhunan yashi da suka fashe a bakin zaure. Ki bi kwata da ido ki ga inda ta nufa, ko kuwa a ƙofar wani ta mutu.

Wannan magana ta fi ƙarfin jiƙewar katifa. Ruwan da ya kwana uku a layi sauro ne, sauro kuwa zazzaɓi ne. Kududdufi kusa da gida, yara maza sai sun shiga, ko kin hana, daga nan ake kwaso tsargiya. Bakin kogi kuma akwai dorina, ba tatsuniya ba ce, ana ganinsu. Mai yara ƙanana ta ba kogi da kududdufi tazara.

Sai ruwan sha. A nan mutumin da za ki tambaya shi ne mai tura kurar ruwa. Ki tsayar da shi, ki gaishe shi, ki ce nawa jarka yanzu, nawa kuma a watan Afrilu. Bambancin kuɗin nan biyu shi zai gaya miki gaskiyar unguwar. Ganin kan famfo a tsakar gida bai isa ba, ki murɗa shi da kanki, sannan ki tambayi matar gidan kusa ƙarfe nawa yake zuwa. Akwai layin da sai tsakar dare ruwa ke hawowa, uwargida ta kwana tana tarar bokiti. In da foraj, wato rijiyar burtsatse, kusa, ki ji na wa ne, ana sayarwa ko sadaka ne, da wutar gari yake aiki ko da hasken rana, don wanda ya dogara da wutar gari yakan tsaya daidai lokacin da aka fi bukatarsa. In rijiya ce a cikin gida, ki auna tsakaninta da masai da ƙafarki. Masana lafiya mita 30 suke so. A gidajen cikin gari da wuya a samu haka, to ruwan irin wannan rijiya na wanki ne kawai.

Zafi kuma, 'yar'uwa, in daga Ngaundere kike, ki shirya. Can kan tudu muke, da dare har bargo ake ja. Nan a Maris da Afrilu zafi na haura 40 a ma'auni, kwano ya ɗauki rana ya riƙe ta har bayan isha'i. Ɗakin da ba shi da silin, kada ki karɓa don arha. Ki fi son gidan da ke da darbejiya a ƙofa ko a tsakar gida, don inuwarta ce falon yara wata uku cur. Kuma da bazara a waje ake kwana, a tsakar gida, cikin gidan sauro. Saboda haka ki duba: tsakar gidan zai ɗauki shimfiɗar kowa? Katanga ta kai tsayin da za ki kwanta da 'yan mata hankali kwance? Wuta ma ki tambaya. Galibin wutar arewa daga Lagdo take fitowa, shekarar da ruwan madatsar ya ja baya sai a shiga rabonta unguwa-unguwa. Masu sayar da ƙanƙara da masu injin niƙa sun fi kowa sanin yadda take a layinsu.

Makaranta kuwa da ƙafa ake aunata. Ki fita da safe wajen ƙarfe bakwai, ki taka daga ƙofar gidan zuwa ƙofar makarantar, kina tuna cewa ƙafar ɗan shekara shida ce za ta yi wannan tafiya. Abin da nake tsoro shi ne babbar kwalta. Jirgin ƙasa a Ngaundere yake tsayawa, kayan da za su Marwa da Kusiri da Njamena duk a manyan motoci suke bi ta Garwa, ga motocin auduga in kakarta ta zo. Ni dai ba zan zauna inda yarona zai tsallaka wannan hanya kullum ba, ko da kyauta aka ba ni gidan.

In makarantar ta yi nisa, sai 'yan kalando, wato masu babur na haya, kuma nan ne arha ke zama tsada. A ce sefa 200 ake kai yara, 200 a dawo da su. A kwana 22 na wata, sefa 8,800 ke nan. In babur ɗaya bai ɗauke su ba, ko lokacin tashinsu ya bambanta, ya zama 17,600. Ki ɗora wannan a kan kuɗin hayar gidan bayan gari, sai ki ga gidan cikin gari da kika ce ya yi tsada ya fi sauƙi. Ban ma yi maganar yara uku a kan babur ɗaya babu hular kwano ba, abin da kullum in na gani sai gabana ya faɗi.

Ki kuma tabbatar da irin makarantar. A Kamaru tsari biyu ne, na Faransanci da na Ingilishi, ga kuma makarantun da ke haɗa Faransanci da Larabci. Yaron da ya fara da ɗaya, kada canjin gari ya sa a jefa shi ɗayan a tsakiyar karatu. Tun 2000 aka soke kuɗin firamaren gwamnati, amma akwai na ƙungiyar iyaye, ki tambayi nawa ne. Ki leƙa aji ki ga yawan yaran da idonki. Kafin ku baro garinku, ki karɓi takardar sakamakon kowane yaro da takardar haihuwarsa. Ba a rubuta jarrabawar gama firamare sai da ita, kuma a meri, wato ofishin ƙaramar hukumar da aka yi wa yaro rajista, ake neman madadinta. Tsakanin Garwa da Ngaundere kusan kilomita 280 ne, ba tafiyar da za a so yi don takarda ɗaya ba. Islamiyya ko makarantar allo, wannan da sauƙi a yawancin unguwannin Musulmi, sai dai ki zauna ki saurari karatun wata yamma, ki ga yadda malam ke riƙe yara.

Asibiti: babban asibiti na ranar babbar lalura ne, Allah ya tsare. Wanda za ki yi ta zuwa shi ne ƙaramin na unguwa. Ki tambaya ko suna karɓar haihuwa da dare. Mai ciki ta tambaya ko suna aiki da takardar masu ciki ta sefa 6,000 da aka fara sayarwa a yankunan arewa uku, wadda ke ɗaukar awo da haihuwa har da tiyata in ta kama, don ba kowane asibiti ke cikin tsarin ba. Da damina kuma ma'aikata na bi gida-gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata-wata. Ki ji ko suna shigowa layin. Kasuwa ba na damuwa da ita sosai, cefane kowace unguwa akwai.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina, wato mutane. Maigida ya koma layin bayan magariba, shi kaɗai, ba tare da dillali ba. Ya yi sallar isha'i a masallacin layin, ya zauna kaɗan. Su wa ke zaune a bakin hanya? Dattawa a kan tabarma da butar shayi, ko samarin da ke yin shiru in baƙo ya gifta? Akwai fitila? Kiɗa daga ina yake tashi? Unguwa kamar Yelwa an san ta da rayuwar dare, amma ko a cikinta wani layin shiru ne, kamar yadda unguwar da ake yabo za ki iya samun gidan bilbil, wato giyar dawa, a bayan katangarki. Sunan unguwa ba ya wadatarwa, sai an zauna a layin da dare an ji da kunne.

Ke kuma ki shiga gidan maƙwabta da rana, ki yi sallama, ki ce baƙuwa ce ke, kuna neman wurin zama. Fulatanci ne harshen kasuwa da titi a Garwa, amma Hausa na ci sosai, kuma ko gaisuwa kaɗai kika iya da Fulatanci za ta buɗe miki ƙofa. Yadda aka karɓe ki ma amsa ce. Gidan da aka shimfiɗa miki tabarma aka kawo ruwa, aka ce "ina yaran?", ranar da naƙuda ta kama ki da dare su za su riƙe miki sauran. Ki tambaye su abu ɗaya da na ga yana fito da gaskiya: waɗanda suka tashi daga gidan nan, me ya tashe su? Ki lura da yaran layin ma. In kin ga wata mata ta tsawata wa yaron da ba nata ba, ya kuma ji, to layin yana da iyaye.

Tsofaffin unguwanni irin su Hausare da Fulbere suna da wannan riƙo, kowa ya san ɗan kowa, biki da rasuwa ba a barin mutum shi kaɗai. Kuɗinsa shi ne matsi: lungu ƙanana, gidan yawa, bayan gida ɗaya. Sababbin unguwannin gefen gari akwai fili da iska, amma za ki iya wuni ba ki ji sallamar kowa ba, ga kangwaye da ba a gama ginawa ba. Ni da nake da yara ƙanana kuma maigida na yawan tafiya, matsi na zaɓa, ban kuma yi nadama ba. Wadda yaranta suka girma, ko take da abin hawa, lissafinta daban.

In gidan yawa ne, a yi maganar mitar wuta da ta ruwa tun kafin a shiga: ta kowa daban ce ko raba kuɗi ake yi, kuma da wane lissafi, da yawan ɗaki ko da yawan kai. Rabin faɗan da matan haya ke kawo mini labarinsa daga nan yake farawa.

Kafin a biya, maigida ya je ya gaida mai unguwa, wato jauro ko lawan, ya gabatar da kansa. Ladabi ne, kuma a nan zai ji ko wanda ya ba shi hayar shi ne mai gidan da gaske, ko gidan gado ne da ake rigima a kansa. A rubuta yarjejeniya, da shaidu, kowane biya da rasit. Mai gida zai so kuɗin shekara, ku roƙi wata uku ko shida, ko da zai ɗan ƙara. Sayen fili kuwa a bar shi sai kun ga damina ɗaya da bazara ɗaya a garin, kuma ko a lokacin kada a miƙa kuɗi sai an kai takardun filin ofishin filaye an duba su.