An kashe maciji ba a sare kai ba: yadda ake goge gem a sake ɗora shi daga tushe

Sau uku ina goge gem ɗin nan ina sake sauke shi, sau ukun kuma abu ɗaya yake yi mini. Tambari ya fito, kiɗa ya tashi, in danna ci gaba da wasa, sandar lodi ta kusa cika, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Kafin in ankara ga ni a fuskar Windows kamar ban kunna komai ba. Ba saƙo, ba sallama. Nauyinsa ya haura gigabait 80, don haka kowane zagaye yini guda ne na zaman jira. A karo na huɗu, bayan na danna Uninstall, sai zuciyata ta ce in leƙa inda yake zaune. Ashe foldarsa tana nan daram. Fayil uku ne a ciki, ɗaya sunansa dxgi.dll, wanda ni da hannuna na jefa shi can wata takwas baya don ya ƙara wa hoto kyan launi, na kuma sha'afa da shi. An sabunta gem, fayil ɗina yana nan yadda yake, jituwa ta ƙare. Duk wahalar da nake sha, sabon gem nake ɗaukowa ina zaunar da shi a kan tsohuwar cuta.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, Uninstall ba shara yake yi ba. Kayan da ya san shi ya shigo da su kaɗai yake kwashewa. Manhajar kantin gem irin Steam tana riƙe da jerin fayilolin kowane gem, kuma da wannan jerin take aiki. Abin da kai ka ƙara, da abin da mod (ƙarin da 'yan wasa ke yi wa gem) ya zuba, da saitin da gem ya rubuta wa kansa a wasu wurare daban, duk ba ruwanta da su. Da gangan ma ake barin wasu, don kada mutum ya rasa inda ya kai a wasa. To amma idan cutar a cikinsu take, ko sau goma ka sake saukewa aikin baban giwa ne.

Kafin ka taɓa komai, fara tabbatar da cewa gem ɗin ne ba shi da lafiya. Idan kwamfutar ce gaba ɗaya take mutuwa ana tsakiyar wasa, ko ta kashe kanta ta tashi, ko kuma duk gem mai nauyi da ka kunna haka yake yi, to ka ajiye maganar gogewa. Wannan ya fi kama da zafi, ko wutar da ba ta isar katin hoto, ko RAM mai matsala, ko direba, wato manhajar da ke sarrafa katin hoton. Wanda nake magana a kai shi ne gem ɗaya tilo da yake rufe kansa alhali sauran lafiya lau, musamman in a da yana aiki.

Windows tana rubuta duk faɗuwar da manhaja ta yi, mutane ne ba sa dubawa. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta perfmon /rel. Jadawalin kwanaki zai buɗe, da jan tabo a duk ranar da wani abu ya faɗi. Buɗe na gem ɗinka ka nemi sunan fayil ɗin da aka ɗora wa laifi. In ka ga nvwgf2umx.dll, wannan ɗan gidan direban NVIDIA ne. In VCRUNTIME140.dll ne ko MSVCP140.dll, zancen Visual C++ ne, za mu zo kansa. In kuwa sunan gem ɗin da kansa ne, ko wani fayil da ke zaune a foldarsa, ka zo wurin da ya dace. Da na yi wannan minti biyun tun ranar farko, da dxgi.dll ya tona kansa.

Sai gwaji na biyu, shi ma mai sauƙi. A Steam, danna dama a kan gem, shiga Properties, sai Installed Files, sai Verify integrity of game files. A Epic ma akwai Verify a ƙarƙashin Manage. Zai auna fayilolinka da na asali, ya sake sauko da wanda ya lalace ko ya ɓata. Yana magani sau da yawa. Sai dai ka san iyakarsa: baƙon fayil ba ya gabansa. Ni ya gaya mini komai daidai, kuma bai yi ƙarya ba, domin dxgi.dll ba ya cikin jerinsa tun asali.

Yanzu ajiyar wasanka, wato inda ka kai. Nan ne ake garin neman gira a rasa ido, saboda haka nan zan fi daɗewa. Babu wuri ɗaya da duk gem suke ajiya. Wasu a Documents suke sakawa, galibi cikin My Games. Wasu a Saved Games, cikin foldar sunanka. Da yawa kuma a AppData, wadda Windows take ɓoyewa. Hanyar shiga ba wuya: Windows da R, ka rubuta %localappdata% ka faɗa Local, ko %appdata% ka faɗa Roaming. Daga kowace ka koma baya taki ɗaya za ka ga ta uku, LocalLow. Gem ɗin da aka gina da injin Unreal yawanci yana buɗe folda da sunansa a Local, a cikinta akwai Saved, a cikin Saved kuma SaveGames da Config suna maƙwabtaka. Na injin Unity sun fi son LocalLow, ƙarƙashin sunan kamfani. Wasu kuma a foldar Steam suke, cikin userdata, ƙarƙashin lambar asusunka sannan lambar gem ɗin. In kana amfani da OneDrive, duba da kyau, don wataƙila Documents ɗinka ta gaskiya a cikinsa take. In ka rasa, shafin PCGamingWiki yana faɗin inda gem da yawa suke ajiya.

Da ka samu, kwafe foldar ɗungurungum zuwa filas ko wani faifai daban. Kwafa na ce, ba yankewa ba. Sannan ka buɗe kwafin ka ga kwanan watan fayilolin ya yi daidai da ranar da ka yi wasa na ƙarshe. Na san gajimare, wato ma'ajiyar intanet irin Steam Cloud, yana riƙe wa mutum ajiya, amma ba kowane gem ke amfani da shi ba, kuma ni ban yarda in jingina wasan awa 200 da abin da idona bai gani ba.

Ga wata dabara da na so a ce wani ya koya mini da wuri. Kafin ka jefar da gigabait 80, rufe gem ɗin, ka je foldar saitinsa ka canza mata suna kawai, ka ƙara mata "tsoho" a ƙarshe. Da ka kunna, gem zai neme ta ya rasa, sai ya ƙirƙiri sabuwa fil. Fayil ɗin saiti ƙarami ne, wani bai kai kilobait 10 ba, amma yana iya ɗauke da girman allon da ka daina amfani da shi, ko zaɓin DirectX 12 da katinka ba ya ɗauka da kyau, ko kuma ya lalace ne ranar da kwamfuta ta mutu yana tsakiyar rubutu. A na Unreal sunansa GameUserSettings.ini. In gem ya tashi lafiya bayan wannan, ka huta, rufe wannan rubutun ka koma wasanka.

In bai tashi ba, sai a shiga aikin sosai. Da farko a toshe ƙofofin da tsohon kaya yake dawowa ta cikinsu. A Properties, ƙarƙashin General, kashe ajiyar Steam Cloud ta wannan gem ɗin na ɗan lokaci, domin wasu gem har saitinsu suke turawa can, ka goge a nan ya sauko maka da shi gobe. A wurin dai za ka ga Launch Options. In ka taɓa rubuta wani abu a ciki, share shi. Sannan in kana da mod daga Workshop, wato rumbun mod na Steam, janye rajistarka daga dukkansu, in ba haka ba kana gama ɗora gem za su biyo shi a guje. Rubuta sunayensu a takarda tukuna in kana son su daga baya.

Kafin ka danna Uninstall, shiga Manage, sai Browse local files, don ka ga ainihin inda foldar take, ka bar tagar a buɗe. Yanzu cire gem ɗin. Rufe Steam gaba ɗaya, ka danna Ctrl da Shift da Esc ka tabbatar babu wani ɓurɓushinsa da ke gudana a ɓoye, don fayil ɗin da ake amfani da shi ba ya goguwa. Koma steamapps, cikin common. In foldar gem tana nan, goge ta duka. A steamapps ɗin dai akwai shadercache, akwai kuma workshop da content a cikinta. A kowace ka nemi folda mai lambar gem ɗinka ka cire. Lambar tana cikin adireshin shafinsa na kantin Steam. Daga nan ka bi Documents da Local da Roaming da LocalLow ɗaya bayan ɗaya, kana neman sunan gem da kuma sunan kamfanin da ya yi shi. Hattara a nan: in kana da wani gem na kamfanin, foldar gem ɗin kaɗai za ka cire, ba ta kamfanin duka ba.

Akwai kuma tarin da katin hoto yake yi. Don kada ya riƙa sake harhaɗa umarnin zana haske da inuwa kullum, yana adana sakamakon, kuma wannan tarin yana iya gurɓata bayan an canza direba. Danna Windows da R, ka rubuta cleanmgr, zaɓi faifan C, sa alama a DirectX Shader Cache, ka share. Ba abin da za ka rasa, sai dai wasan farko zai ɗan yi tangal-tangal kafin ya sake tarawa.

Rajistar Windows fa, wato kundin da take ajiye saituna? Ra'ayina, ƙyale ta. Manhajojin nan masu alkawarin wanke rajista ban taɓa ganin sun gyara gem ba. Togaciya ɗaya ce: gem ɗin Unity da dama a can suke ajiye saitin allo, ƙarƙashin HKEY_CURRENT_USER, sai Software, sai sunan kamfani, sai na gem. In naka irinsu ne, buɗe regedit, yi Export na wannan reshen don ya zama kana da madogara, sannan ka goge shi shi kaɗai. Wasu ƙananan gem har ci gaban wasa a nan suke sawa, shi ya sa Export ɗin ba na ado ba ne.

Sai ka sake tayar da kwamfutar, kuma Restart nake nufi. A Windows 10 da 11, in Fast Startup yana kunne, Shut down ba ya sauke komai da komai. Yana adana wani sashe ya ɗora daga nan in an kunna.

Tun da gida ya zama fayau, gyara harsashi kafin baƙo ya dawo. Je shafin Microsoft ka sauke Visual C++ Redistributable na baya-bayan nan, ka ɗora na x64 da na x86 duka biyun ko da Windows ɗinka mai 64-bit ce, don wasu gem da masu buɗe su har yanzu 32-bit ne. Tsohon gem mai kukan d3dx9_43.dll ko xinput1_3.dll kuwa, kunshin DirectX na watan Yunin 2010 yake nema. Abin da zan roƙe ka shi ne, kada ka je wani shafi ka sauko da dll guda ɗaya ka jefa a folda. Ka ji yadda tawa ta kaya, kuma nawa ma ba mai cutarwa ba ne. Direban katin hoto, in jadawalin nan ya nuna shi, wajen ɗora na NVIDIA zaɓi Custom ka sa alama a Perform a clean installation. AMD suna da tasu manhajar sharewa. In abin ya ƙi, akwai DDU, wanda ake gudanarwa a Safe Mode ya tumɓuke direba har saiwa. Kuma ba kullum sabon direba ne ya fi ba: in matsalar ta fara ne washegarin sabuntawa, koma na baya.

Yanzu sauke gem ɗin. Tabbatar akwai sarari isasshe a faifai, har da rara. Da ya gama, leƙa Windows Security, cikin Protection history, ka ga ko an tsare wani fayil nasa. In kuma yana da mai hana maguɗi irin Easy Anti-Cheat ko BattlEye, bar shi ya ɗora kansa a kunnawar farko, ka amsa masa in ya nemi izini.

Kunnawar farko tsirara za ka yi ta. Ba mod, ba tsohuwar ajiya, ba manhajar naɗar allo, ka kuma kashe masu leƙowa a kan wasa irin na Discord da na Steam. Kada ka taɓa saitin hoto. Fara sabon wasa, ka yi rabin awa, ka wuce irin wurin da yake faɗuwa a da. In ya tsaya da ƙafarsa, rufe shi ka mayar da fayilolin ajiya kaɗai, ban da na saiti, ko da a folda ɗaya ka same su. Gwada. In a nan ya faɗi, ajiyar ce ta lalace, ko kuma tana neman wani mod da babu shi yanzu. Gwada wadda ta gabace ta. In lafiya, kunna gajimare, kuma in ya tambaye ka wanne zai riƙe tsakanin na kwamfuta da nasa, karanta kwanan wata da kyau kafin ka danna. Mod kuwa ɗaya-ɗaya za su dawo, kana gwadawa a tsakani. Na san da gajiya, amma in ka zuba ashirin lokaci guda ya faɗi, wa za ka kama?

In duk ka yi wannan, gem yana tsirara kuma bai fasa faɗuwa ba, kada ka sake saukewa karo na biyu, ba abin da zai canza. Buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka rubuta sfc /scannow don a duba fayilolin Windows, ka gwada RAM da mdsched, in kuma ka ƙara wa kati ko RAM gudu, mayar da su yadda suka zo. In nan ma shiru, tattara abin da jadawalin faɗuwa ya nuna, da sunan katinka da lambar direba, ka aika wa masu gem ɗin, don wani lokacin kuskuren daga sabuntawarsu ne, sai sun fitar da gyara.

Nawa dai a karo na huɗun ya tashi. Sandar lodi ta cika, na tsinci kaina a bakin gadar da na baro mako guda baya. Launin ya ɗan kwanta ba kamar da ba, na kuwa bar shi a haka.