Yadda na gane sakamakon ɗana na aji 7 a Ingila

Takardar sakamakon zangon farko ta zo, a lissafi an rubuta 2, gefensa 6. Na karanta da idon WAEC, inda A1 ke kan gaba, har na fara murna. Sai kuma na zaci 6 ɗin matsayinsa ne a aji. Duka ba haka ba ne.

Na roƙi malamar ajin ta turo mini jadawalin ma'aunin makarantar. Ashe da makin GCSE, wato jarrabawar da ake yi a ƙarshen aji 11, suke aunawa, wanda tun 2017 daga 9 yake saukowa zuwa 1: 9 ce ƙololuwa, 7 ta yi daidai da tsohuwar A, 4 kuma C. A takardar ɗana, gurbin farko (2) matakinsa ne na yanzu, na biyu (6) wanda ake sa ran ya kai a aji 11. Na duba layin aji 7, zangon farko: mai burin 6, 2 ake nema gare shi. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa malamar da alheri.