Dabarar haddace manyan biranen ƙasashe ga yara

Assalamu alaikum iyaye. Masu yaran da ke shirin kacici-kacici ko jarrabawa, ku daina sa su haddar sunayen manyan birane kamar karatun aku. Ku gaya musu ma'anar sunan, shi ke sa ya zauna a kai.

Ku fara da gida. Abuja daga Abu Ja ta samo suna, wato Abubakar Ja, Sarkin Zazzau na Haɓe da ya kafa garin a 1828. Da gwamnati ta ɗauki sunan ta ba sabon babban birni, sai tsohon garin ya koma Suleja, sunan Sarki Sulaiman Barau. Yaron da ya ji wannan labari, ina zai manta?

Daga nan sai sauran ƙasashen Afirka. Injamena sunanta Fort-Lamy a zamanin Faransawa, sai a 1973 aka canza. Addis Ababa a harshen Amhara tana nufin sabon fure. Manrobiya ta Laberiya kuwa sunan shugaban Amurka James Monroe ta ci.

Na Asiya sun fi sauƙi, don ku haɗa su biyu-biyu. Beijin na nufin babban birnin arewa, Tokyo babban birnin gabas. Ni dai na fi son Astana ta Kazakistan, don a harshen Kazak ma'anarta "babban birni" kawai, ba su wahalar da kansu ba.

Biyu a rana sun isa, bayan sallar isha'i, da taswira a gabansu.