Yadda Ake Shirya Tafiyar Ayari Zuwa Lardin Arewa na Siri Lanka

Abu na farko da ya kamata jagoran ayari ya tsayar shi ne watan tafiya, domin shi ne zai yanke abin da za a gani. Daminar wannan lardi tana sauka daga Oktoba zuwa farkon Janairu, tsuntsaye masu ƙaura kuwa, har da filamingo, suna cika fadamun gaɓar Mannar, a yammacin lardin, daga Disamba zuwa Maris. Saboda haka Fabrairu ya fi dacewa, ruwa ya ɗauke, tsuntsayen kuma ba su tashi ba.

Daga Kwalambo, birni mafi girma a ƙasar, zuwa Jafna, babban birnin lardin, tafiyar kusan kilomita 400 ce. Jirgin ƙasa na Yal Devi ya koma zuwa Jafna a 2014, shekara biyar bayan ƙarewar yaƙin basasa, kuma ya fi mota sauƙi ga jama'a masu yawa, muddin an sayi kujeru tun da wuri. Idan an sauka, sai a ɗauki hayar bas mai direban da ke jin Tamil, domin shi ne harshen mutanen yankin.

A ware wa Mannar kwana biyu. Ana shiga fadamar Vankalai, wadda ta shiga jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya a 2010, da sassafe kafin rana ta ɗaga. A nan ne yawan jama'a yake zama matsala, domin mutum ashirin da ke hira sun isa su kori duk tsuntsun da aka zo gani, don haka a raba ayarin gida uku ko huɗu, kowane rukuni da madubin hangen nesa. Bayan haka sai a nufi Pallimunai, inda wata tsohuwar kuka take, wadda ake ƙiyasta shekarunta da kusan 700, kuma ana jin Larabawa 'yan kasuwa ne suka kawo irinta daga Afirka. Bahaushe ba ya buƙatar a gabatar masa da kuka, amma ganin ta a bakin tekun Indiya, jakuna na yawo sakaka a gefenta, abu ne dabam. Akwai Musulmi da yawa a Mannar, masallaci da abincin halal ba sa wuya.

A Jafna, a fara da ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1618, wadda Holan ta ƙwace a 1658 ta faɗaɗa ta. Wanda zai shiga wurin ibadar Hindu na Nallur ya sani cewa ana cire takalmi, maza kuma suna tuɓe riga. A faɗa wa kowa tun daga masauki, wanda ba ya so ya tsaya waje ba tare da jayayya a ƙofa ba.

Tsibirin Delft shi ne ya fi buƙatar shiri. Ana tsallakawa daga mashigar Kurikadduwan, jirgin fiton ba ya tashi sau da yawa a rana, kujerunsa kuma ƙalilan ne, saboda haka a isa kafin jirgin farko. A can akwai ƙananan dawakai da ke rayuwa sakaka tun zamanin Turawa, da katangun gidaje na dutsen murjani. A ɗauki ruwan sha da guzuri isassu, a kuma tambayi lokacin jirgin ƙarshe kafin kowa ya bar bakin mashiga.