Shawara ga Bayahude mai niyyar zuwa Machu Picchu ko tsibiran Azores

Jama'a, duk Bayahuden da ke kiyaye Shabat, wato ranar hutun Yahudawa daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar, ranar Juma'a ya fara dubawa kafin ya sayi tikiti. Machu Picchu, kangon tsohon gari a kan tsaunin Peru, ba wurin da za ka faɗa kai tsaye ba ne: sai ka hau jirgin ƙasa daga Ollantaytambo zuwa Aguas Calientes, sannan bas ta haura da kai, kuma tikitin shiga da lokacinsa a rubuce. Ka sa ziyarar Lahadi zuwa Laraba, ka koma birnin Kusko kafin rana ta faɗi ranar Juma'a, akwai gidan Chabad, ƙungiyar Yahudawa mai karɓar matafiya, a can. Kusko ta kai mita 3,400 a sama, ta fi kangon kansa tsayi, don haka kwana biyun farko numfashi zai yi maka nauyi. Ka huta, ka sha ruwa sosai.

Abinci kuwa, gasasshen naman alfaka, wata dabba dangin raƙumi, da ake talla a gidajen cin abinci bai halatta gare ka ba. Ka cika jaka da kifin gwangwani, gyaɗa, dabino, ka ɗauki ƙaramar tukunyarka.

Azores na Fotugal, matsalarsu iska ce. Jirgin ruwa kan fasa tashi, kada ka bar komawa babban tsibiri zuwa Juma'a. Kifi mai ɓawo da fiffike, wanda ya halatta gare ka, yana nan a wadace. A birnin Ponta Delgada ka leƙa majami'ar Sahar Hassamain, wadda Yahudawan Maroko suka kafa a 1836. Kyandir biyu da ashana na Shabat su zauna a jakar hannu, ba a akwati ba.