Yadda Ake Tara Tsofaffin Finafinan Soyayya Da Barkwanci Marasa Magana

Kafin ka fitar da ko sisi, ka san cewa yawancin finafinan nan babu su. Binciken da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar marasa magana sun salwanta. Don haka fara rubuta sunayen waɗanda suka tsira: The Marriage Circle na Ernst Lubitsch da Girl Shy na Harold Lloyd, duka na 1924, sai It na Clara Bow, 1927.

Daga nan ka nemi kwafi mai kyau. A nan ake yawan tafka asara. A wancan lokacin, da hannu ake juya kyamara, hotuna 16 zuwa sama da 20 a daƙiƙa, sai zuwan sauti aka tsayar da 24. In aka haska fim ɗin da aka ɗauka a 18 da gudun 24, za ka ga mutane na tsalle-tsalle kamar fara, kallon da budurwa ta yi wa saurayi ta wutsiyar ido ya wuce ba ka gani ba, alhali nan daɗin fim ɗin yake. Duba bayan faifan: wace ma'ajiya ta gyara shi, wa ya yi kiɗan, an dawo da rinin asali, wato launin da aka rina hoton da shi? Shuɗi na nufin dare ne. Kamfanonin fitar da faifai irin su Kino Lorber da Flicker Alley sukan bayyana wannan. Kula da shiyya kuma, wato yankin da aka tsara faifan ya yi aiki a na'urorinsa: Blu-ray na Amurka shiyyar A ne, na Afirka da Turai B.

In naɗin fim ɗin kansa kake so, tsaya kan mai faɗin 16mm, wanda Kodak ta fito da shi a 1923. Karanta gefen zaren. In ka ga SAFETY, wato marar saurin kama wuta, bismillah. In 35mm ne mai rubutun NITRATE, kada ya kwana a gidanka, domin in ya kama wuta ko ruwa ba ya kashe shi. Irinsa ne ya cinye ma'ajiyar kamfanin fim na Fox a 1937.

Buɗe gwangwanin ka shinshina. Warin tsami alamar ruɓewa ce, ware shi kada ya shafi sauran. Ajiye su kwance a wuri mai sanyi marar laima, kuma kada ka ɗora wanda ya ƙanƙance a majigi, haƙoran injin za su yage ramukan gefensa.