Ga masu neman shiga KNUST (Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi) bana, kafin ku cike fom

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Aboabo da Asawase. Ƙannena, ina roƙonku, kada wani ya ce muku "ka karɓi kowane kwas, in ka shiga sai ka canza." Wannan magana ta sa yaran zango da yawa kuka.

KNUST kwaleji shida gare ta, kuma kowane kwas da darussan da yake nema. Ana haɗa makin darussa shida na WASSCE, wato jarrabawar gama sakandare, uku na dole da uku na zaɓi. A1 maki ɗaya ne, C6 maki shida, ƙarancin jimillar shi ne alheri. Wanda bai yi Fiziks da lissafin zaɓi a sakandare ba, ƙofar injiniyanci a rufe take gare shi ko da ya riga ya zama ɗalibi. Canjin kwas ba ya goge wannan sharaɗi.

In kuwa ka riga ka shiga kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, je ofishin sashenka tun makonnin farko ka tambayi ƙa'ida, ka nemi komai a rubuce. Kada ka daina zuwa aji kana jiran amsa, don makin CWA ɗinka, wato matsakaicin makin duk darussan da ka yi a jami'a, shi zai yi maka magana. Ka kuma tambaya ko za a mayar da kai shekarar farko, domin kuɗin makaranta da na ɗaki na shekara guda ba wasa ba ne ga Baba da Mma.

Iyayenmu kuma, don Allah a zauna da yaro a ji abin da yake iyawa kafin a ce dole sai likitanci.